Wasiƙa Kan Ƙaramar Amfilifayar Garmaho Da Na Haɗa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin Amurka bai takura muku ba. Mu nan Kano muna cikin hunturu, kowa lafiya, Hajiya ma ta samu sauƙin ƙafar tata, tana gaishe ka.

Na ga saƙonka inda ka ce za ka sayo mini ayisi (IC, ɗan guntun lantarkin nan mai ƙafafu da yake ƙara ƙarfin sauti) mai tsada ka aiko, domin in sa a ƙaramar amfilifayar da na haɗa wa garmahon marigayi Baba. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sai dai ina roƙonka ka dakata da sayen har ka karanta wannan wasiƙa, domin watanni huɗu da na yi ina fama da na'urar sun nuna mini cewa ba nan matsalar take ba.

Ka tuna ranar da na fara jona garmahon kai tsaye da amfilifayar falo, na ce maka muryar mawaƙin tana fitowa siririya kamar daga cikin gwangwani, kalangu kuwa ba a jin sa sam? Dalilai biyu ne. Na farko, wutar da kan allura yake fitarwa kaɗan ce ƙwarai. Wanda na saka, Audio-Technica AT-VM95E, milibolt 4 kawai yake bayarwa, saboda haka sai an ninka ta kamar sau ɗari kafin ta kai abin da amfilifaya take bukata. Na biyu, kuma shi ne mai muhimmanci, ba a yanka sauti a jikin faifai yadda yake. Da gangan ake rage sauti mai kauri, domin da an bar shi da ƙarfinsa da kwarmin da allura take bi ya yi faɗi har waƙa biyu ta cinye fuskar faifai guda, sannan a ƙara wa siririn sauti ƙarfi domin ya rinjayi hucin da jikin faifan yake yi. A 1954 ne ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda na wannan ragi da ƙari, wanda yake juyawa a wurare uku: Hz 50, Hz 500 da Hz 2,122 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan guda). Aikin ƙaramar amfilifayar shi ne ta warware abin da aka yi daidai wa daida, ta ɗaga mafi kaurin sauti da kusan desibel 20 (wato kamar ninki goma), ta sauke mafi sirantarsa da kusan haka.

Ga yadda na tsara tawa. Kowane ɓangare, hagu da dama, yana da ayisi NE5532 guda, wanda amfilifaya biyu ce a cikinsa. Ta farko tana karɓar wuta daga allura ta kan rizisto mai om 47,000, wanda shi ne nauyin da irin wannan kan allura yake so, ta ninka ta kamar sau 31. Daga nan sai matacin RIAA, wanda abubuwa kaɗan ne: rizisto mai om 22,000 a kan hanya, sai kwandansa mai nanofarad 100 da rizisto mai om 3,180 a jere suna sauka ƙasa, sai wata kwandansa mai nanofarad 34 ita ma tana sauka ƙasa a gefensu. Matacin yana cinye kashi tara cikin goma na wutar a tsakiyar sauti, don haka amfilifaya ta biyu take sake ninkawa sau 31, a tashi da kusan ɗarin da ake nema. Om 3,180 ba a samun sa guda, sai na haɗa mai 3,000 da mai 180. Haka nanofarad 34, na gwama 33 da 1. Duk na jera su a kan allo mai huji-huji na like da dalma, a kan teburin nan na ɗakin zaure da ka sani.

Daren da na fara kunna ta, na ɗauko faifan da Baba ya fi so, mai kiɗan kalangu, na goge shi, na sauke allura. Sauti ya fito da ƙarfinsa, amma raina bai kwanta ba. Kalangun ya kumbura ya danne amshin 'yan amshi, muryar mawaƙin kuma ta karkata wajen sifikar hagu, alhali faifan na sauti guda ne, wanda ya kamata murya ta tsaya cak a tsakiya. Na yi kwana uku ina bin like ɗaya bayan ɗaya ban ga kuskure ba. Da na kai allon wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, bai ce komai ba sai ya cire kwandansa biyun nan masu lamba 104, ya ɗora su a kan mita. Ɗaya ta nuna 78, ɗaya ta nuna 91, alhali lamba 104 da take jikin kowacce nanofarad 100 take nufi. Ƙananan nan ne masu kama da ƙwayar wake, na yumɓu, waɗanda na saya a wani shago ba tare da na auna ba. Ya ce irinsu suna da amfani wajen tace wutar da take ciyar da ayisi, amma ba a sa su inda ake son ma'auni ya tsaya, domin ko zafin rana yana sauya su. Ya zazzage wata tsohuwar leda cike da kwandansa na roba, muka zauna muna aunawa ɗaya bayan ɗaya har muka tsinci biyu da suka nuna 99 da 100. Da na dawo gida na sauya su, murya ta dawo tsakiya, kalangu ya koma girmansa, har ina jin lokacin da makaɗin yake matse tsarkiya da hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka. Hajiya tana tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ai faifan Malam ne." Na daɗe zaune ban iya tashi na juya faifan ba.

Matsala ta biyu ita ce ƙugi, kuma ita ta fi cin lokacina. Wutarmu a nan tana kaɗawa sau 50 a sakan, daidai wurin da matacin yake ɗaga sauti kusan sau bakwai fiye da tsakiya, saboda haka duk ɗan abin da ya tsallako daga wutar gida zuwa wayar allura sai ya zama gurnani a sifika. Da farko na sa taransifoma a cikin akwati ɗaya da allon, wanda kuskure ne babba. Abin da ya tabbatar mini shi ne gwaji da batir biyu masu bolt 9: ina jona su ƙugin ya ɗauke ɗif. Batir ba zai riƙe ni ba, domin ayisin biyu suna shan wuta, kwana kaɗan sun ƙare. Sai na fitar da taransifomar zuwa nata akwatin, na ajiye ta a ƙasa nesa da garmaho, na sa ayisi masu lamba 7815 da 7915 su daidaita wutar a bolt 15 sama da ƙasa, na kuma like ƙananan kwandansan yumɓun nan dab da ƙafa ta 8 da ta 4 na kowane ayisi, inda nan ne gurbinsu na gaskiya. Allon kansa na sa shi cikin akwatin ƙarfe, na tara duk wayoyin ƙasa a kan ƙusa guda, har da siririyar wayar da take fitowa daga bayan garmaho. Yanzu sai ka kanga kunne a jikin sifika kafin ka ji wani abu. Ku can wutarku 60 take kaɗawa, amma idan ka tashi haɗa taka, wannan faɗan yana jiranka.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Na cire kwandansa mai pikofarad 220 da na sa a bakin shiga, domin kamfanin ya ce tsakanin 100 da 200 kan allurar yake so, wayar garmahon kuwa ita kaɗai ta ɗauki kaso mai yawa na wannan, kuma da na cire ta kaifin da nake ji a harafin "s" ya ragu. Wasu faifan kuma zafin ɗaki ya lanƙwasa su cikin shekarun da suka yi a adaka, idan suna juyawa sai ka ga takardar sifika tana shiga tana fita ba tare da wani sauti ba. Na sa kwandansa mai maikurofarad 1 da rizisto mai om 10,000 a bakin fita, suka yanke abin da yake ƙasa da Hz 16 zuwa 20, sifikar ta natsu.

Game da ayisin da kake son aikowa, na riga na yi gwajin da zan iya. Da yake a soket na zaunar da su, na cire NE5532 na sa TL072 na saurara. Idan allura tana sama kuma na ƙure ƙara, TL072 ya fi huci kaɗan. Da zarar allura ta sauka kan faifai, ƙarar jikin faifan da ƙurar da ta shige kwarminsa sun rufe wannan bambanci gaba ɗaya. NE5532 tsohon ayisi ne, tun ƙarshen shekarun 1970 ake yin sa, kuma dubban waƙoƙi sun bi ta cikinsa a ɗakunan ɗaukar sauti. Ban ga abin da wanda ya ninka shi kuɗi sau ashirin zai ƙara wa faifan da suka haura shekara arba'in ba. Abin da ya sauya sautin a kunnena kwandansa biyu ne da aka auna, da wurin da aka ajiye taransifoma, sai wankin faifai da nake yi da tataccen ruwa da ɗigon sabulu, musamman yanzu da ƙurar hunturu take manne musu.

Idan kana son taimaka mini, ga abin da ya fi wuyar samu a nan. Ina son rizisto waɗanda kuskurensu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, da kwandansa na roba masu nanofarad 100, 33 da 1, kamar goma-goma, domin in zaɓi waɗanda suka dace da juna. Sannan a ƙasan adakar na tarar da faifai bakwai masu nauyi, masu juyi 78 a minti, waɗanda ban taɓa ba tukuna. Kwarminsu ya fi na sauran faɗi, allurar da nake da ita za ta nutse ta karce gindinsa, don haka ina bukatar allura mai lamba VMN95SP, wadda take shiga kan allurar nan tawa ba sai an sauya shi ba. Yawancin irin waɗannan faifan an yanka su ne kafin a tsayar da ma'aunin RIAA, kowane kamfani da nasa tsarin, shi ya sa na bar gurbi a gefen allon inda zan ƙara makunni da zai sauya matacin. Garmahon Baba 33 da 45 kawai yake juyawa, amma dattijon nan ya ce yana da wani tsoho mai 78 a bayan shagonsa da za mu duba ranar Asabar. Kada ka ce za ka aiko da garmaho daga can, domin wanda injinsa yake bin kaɗawar wuta zai yi nawa idan ya zo ƙasar 50.

Ka gaishe da uwargida da yara. Idan ka samu mai zuwa kafin azumi, ka ba shi kayan, ni kuma zan ɗauki faifan kalangun nan ta cikin na'urar in tura maka ka ji da kunnenka.

Wassalam,
Naka amini.