A Daina Gyara Maganar Gwani Kafin a Nazarce Ta

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin matasanmu masu ƙera manhajojin da ke ba da shawara irin ta ƙwararru kan wani mataki da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato nazarin rubutacciyar hirar da aka yi da gwanin sana'a.

Matsalar ba ta yau ba ce. A shekarun 1970, Edward Shortliffe ya gina MYCIN a Jami'ar Stanford ta Amurka, manhajar da ke tantance cututtukan jini na bakteriya ta kuma ba da shawarar magani, bisa ƙa'idoji kusan 600 masu siffar "idan kaza, to kaza", waɗanda aka tatso daga bakin likitoci. Edward Feigenbaum, masanin kimiyyar kwamfuta na wannan jami'a, ya daɗe da nuna cewa tatso ilimin nan shi ne babban cikas a aikin.

Dalili kuwa, idan ka tambayi gwani kai tsaye, abin da aka koya masa zai karanto maka, amma abin da yake aikatawa sai a gefen magana yake fitowa. Tambayi makaniki me ke hana mota tashi, zai ce batir ne, can cikin labari sai ka ji ya ce, "Amma fa in fitilu na ci tangaran, ka murɗa makulli ka ji ƙas sau ɗaya, to kik za ka duba." Wannan "amma fa" ita ce ƙa'idar da manhajar ke bukata, ita ce kuma mai rubuta hira yakan share da sunan gyara, tare da "wataƙila", "galibi" da wuraren da gwanin ya yi jim. A ganina wannan ɓarna ce babba, domin irin wannan shakkun ne masu MYCIN suka ba maki, daga -1 zuwa +1, don kwamfuta ta san nauyin kowace hujja.

Saboda haka a rubuta hira yadda aka furta ta, a ware alamomi da sharuɗɗa da hukunci, sannan a koma wa gwanin da matsala ta zahiri a ga ko ƙa'idar da aka fitar ta dace da abin da hannunsa ya yi. Inda gwanaye biyu suka saɓa, a ajiye maganganun duka biyu har a gano sharaɗin da ya raba su.

Wassalam.

Mai karatu,
daga Zariya