Masu ƙera kurangar inabi, a kula da mahaɗar reshe

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon fili mu ja hankalin masu ƙera kurangar inabi ta ƙarfe domin harabar wuraren ibada da lambuna, da masu ba su aikin.

Inabi alama ce mai nauyi. Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomin Aljanna a Suratun Naba'i, aya ta 32, Zabura ta 80 kuma ta kamanta Isra'ila da kurangar da aka ciro daga Masar. Akwai kuma Linjilar Yohanna, sura ta 15, inda aka ce reshe ba ya ba da 'ya'ya sai yana manne da kuranga. Ke nan ma'anar tana a mahaɗa. Abin takaici, nan ne aka fi yi wa aikin ha'inci.

Sau da yawa ɗigon walda biyu ko uku ake yi, a shafe da fenti. Ganyen ƙarfe yana tare iska, reshe ya yi ta rawa, har mahaɗar ta tsage. A fiƙe bakin bututun da aka yi reshen da shi, a zagaye shi da walda gaba ɗaya, kaurin bangonsa kada ya gaza milimita 3. Reshen da ya wuce mita ɗaya a zura masa sandar ƙarfe daga ciki, domin yara za su yi lilo da shi.

Sai ruwa. Kowane bututu da kowane ganye mai zurfi a huda shi a wuri mafi ƙasa, rami kamar milimita 8. Ƙarfen Corten, wato irin wanda ake bari ya yi tsatsa da gangan, sai yana jiƙewa yana bushewa tsatsarsa ke zama kariya. Inda ruwa ya kwanta, cinyewa yake yi. Ruwan tsatsar yana ɓata kankare, don haka a zuba tsakuwa a gindi. Idan 'ya'yan na tagulla ne, a raba su da baƙin ƙarfe da wasa ta nailan, wato zoben da ake sawa a tsakaninsu, in ba haka ba danshi zai sa ƙarfen ya ci a daidai wurin. Tagullar a wanke ta, a shafa mata kakin zuma ko sau ɗaya a shekara.

Siffar ma a dube ta. Nonon inabi da igiyar da yake kamawa da ita suna fitowa ne daura da ganye, ba daga hammatarsa ba. Kuma mai gona yana datse mafi yawan rassan bara, abin da aya ta 2 ta wannan sura ta Yohanna ke magana a kai. Muna ganin kuranga mai cike da 'ya'ya ba tabon datsa ko ɗaya ta bar rabin saƙon. A bar kututturen datsa uku ko huɗu a jikin gangar, a toshe bakinsu da walda kada ruwa ya shiga.

Naka,
Wasu maƙera da masu sassaƙa