Zuwa ga ƙanwata da ta ce ina rufe ƙofa

Assalamu alaikum.

A taron ɗalibai kin miƙe a gaban jama'a kin ce min: "Yaya, kullum kuna cewa masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a Amurka. Ga shi an ba ni gurbin digirin digirgir, ke kuma kin ce in dakata. Ashe bayan kun shige, ƙofar za ku rufe mana?" Kin ƙara da cewa makarantar na neman kusan dala 40,000 a shekara, kuma da bashi za ki biya. Lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba, maganar kuwa ta tsaya min a rai. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, ga amsar a fili.

Ba na so ki fasa. Ina so ki zama likitar da za ta iya zama da talaka ta saurare shi, kuma bashin da kike shirin ɗauka shi ne abu na farko da zai hana ki hakan.

Hanya biyu ce ke kai mutum ga wannan aiki. A 1949 aka yi taro a garin Boulder na jihar Colorado a Amurka, aka tsaya a kan cewa mai duba marasa lafiya ta fuskar halayyar ɗan Adam ya zama mai bincike kuma mai magani. Wannan ita ce hanyar PhD. A 1973 wani taron a garin Vail, shi ma a Colorado, ya amince da hanya ta biyu, PsyD, wadda ta fi karkata ga aikin duba mutane. Duka biyun suna kai wa ga lasisi, kuma na yi aiki da ƙwararru daga kowane ɓangare. Bambancin yana wajen mai biya. Yawancin shirye-shiryen PhD suna ɗaukar ɗalibai ƙalilan a shekara, su yafe kuɗin makaranta, su ba da ɗan alawus saboda koyarwa ko bincike, shi ya sa shigarsu ke da wuya ƙwarai. Da yawa daga makarantun PsyD, musamman masu zaman kansu, suna cika aji da ɗalibai, kuma ɗalibin ne ke ɗauke da makarantar a wuyansa.

To, mu yi lissafinki. Shekara huɗu a aji, dala 160,000 ke nan. Ki ɗora haya da abinci da inshorar lafiya, domin horon asibiti da za ki riƙa zuwa a waɗannan shekaru galibi ba a biyan ko sisi, kuma ba ya barin lokacin wani aiki. Kin haye 200,000 ba tare da kin yi almubazzaranci ba. Tun 2012 gwamnatin tarayya ta daina ɗauke wa ɗaliban gaba da digirin farko kuɗin ruwa yayin da suke karatu, wato bashin na hayayyafa tun kina aji ɗaya. A ce ruwan kashi 8 ne cikin ɗari: a kan 200,000 ɗin nan, dala 16,000 ke nan duk shekara, uwar kuɗin kuma ba ta motsa ba. Matsakaicin albashin masu wannan aiki bai kai dala 100,000 a shekara ba, sabon shiga kuwa yana ƙasa da haka sosai. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma wannan irin bashin ko kotun fatara da ƙyar take sauke shi.

Akwai wata da na taɓa horarwa, mai haƙuri da kunnen sauraro irin wanda ba a koyarwa. Tana zama da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, har su buɗe baki. Wata rana bayan mun gama duba rahotanninta, ta juya bayan takarda ta nuna min lissafi da fensir: albashin asibitin unguwa a gefe guda, biyan bashi na wata a ɗaya gefen, ta ja layi biyu a ƙarƙashin abin da ya rage. Bai kai kuɗin haya ba. Yau tana duba masu iya biya daga aljihunsu, kuma ban ga laifinta ba. Yaran nan dai sun rasa ta. Duk sanda aka ce min tsadar karatu matsalar ɗalibi ce shi kaɗai, takardar nan nake tunawa.

Kafin ki sa hannu, akwai abin da makarantar ba ta da ikon ɓoye miki. Duk shirin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta amince da shi, wajibi ne ya wallafa jadawalin ɗaukar ɗalibai da makomarsu: kuɗi, tsawon karatu, masu barin karatu, samun gurbin horo, da lasisi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ki bar hotunan harabar makaranta, ki nemo jadawalin.

Ki fara da waɗanda suka shiga ba su fita da digiri ba, domin su ne suka fi kowa shan wuya: ga bashi, ba takarda. Sannan shekarun kammalawa. Idan an ce miki biyar amma yawancin mutane suna yin shida ko bakwai, ki yi lissafi da bakwai.

Inda nake so ki daɗe kuwa shi ne layin shekarar sanin makamar aiki. Ba a ba da digirin sai an yi ta, kuma makarantarki ba ita ke raba gurbin ba. Ana nema ne ta wani tsarin ƙasa baki ɗaya da APPIC, ƙungiyar cibiyoyin da ke ba da wannan horo, ke gudanarwa, kwamfuta ta haɗa ɗalibi da asibiti, sakamako ya fito wata safiya a watan Fabrairu. Na zauna da ɗalibai a irin wannan safiyar, kowa ya ƙura wa waya ido, shayi ya huce a kofi. Wajen 2011 da 2012, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya samun gurbi a zagayen farko. Abin ya yi sauƙi daga baya, amma makarantu ba ɗaya suke ba. Ki duba nawa suka samu gurbin da APA ta amince da shi, ba kowane irin gurbi ba, domin asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda ke cikin manyan masu ɗaukar mu aiki, ba sa karɓar horon da ba a tantance ba. Daga nan sai jarrabawar lasisi ta EPPP, sannan jihohi da dama su nemi ƙarin sa'o'in aiki ƙarƙashin kulawa.

Ki kuma binciki lafiyar aljihun makarantar ita kanta. A watan Maris na 2019 jami'ar Argosy ta rufe ana tsakiyar zango, ɗaliban digirin digirgir suka wayi gari suna neman mai karɓarsu, alhali shirye-shiryenta da dama suna da amincewar APA.

Na san za ki ce akwai yafiyar bashi ga masu aikin gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Akwai, tun 2007: biya 120, wato shekara goma, sai a yafe sauran. Amma bashin gwamnatin tarayya kawai ta shafa. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta rufe Grad PLUS, wani rancen gwamnatin tarayya na ɗaliban gaba da digirin farko, ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026, ta sa iyaka ga abin da ɗalibi zai iya ranta. Giɓin da ya rage wajen banki za a cike shi, banki kuwa ba ya yafiya.

Da ni ce ke, zan rubuta wa makarantar in tambayi tallafin da za su iya bayarwa a rubuce, in nemi magana da ɗaliban shekarar ƙarshe ba tare da malami a wurin ba. Idan lissafin bai fita ba, zan nemi aikin mataimakiyar bincike na shekara ɗaya ko biyu, in sake neman shirin da ke biya. Idan kuma zama da mutane ne kaɗai burinki, ba bincike ko gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa ba, digiri na biyu a ba da shawara ko aikin jin daɗin jama'a yana kai ki ɗakin magani cikin shekara biyu zuwa uku, da lasisinki bayan kin cika sa'o'in horo.

Ki buga jadawalin makarantar a takarda ki kawo min, tare da wasiƙar da suka aiko miki. Mu zauna da fensir mu bi shi layi-layi. Idan ya yi kyau, ni zan fara ce miki ki tafi.

Yayarki a wannan aiki.