Rahoton Ayyukan Shekara: Zangonmu a Bakin Tafkin Kainji

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi. Kamar yadda muka saba, sakatare ne ke kawo muku bayanin abin da aka yi daga taron bara zuwa yau. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa daban.

Zan fara da abin da bai samu ba, domin shi ne ya fi tsaya wa mutane a rai. A taron bara mun yi alkawarin kwana a sansanin Kogin Oli, can cikin ɓangaren Borgu na gandun dajin Kainji. Ba mu je ba. 'Yan bindiga sun yi shekaru suna fakewa a cikin wannan daji, kuma duk wanda muka tuntuɓa a New Bussa da Wawa amsarsa ɗaya ce, kada mu kuskura mu shiga da jama'a. Wasu matasanmu sun ji haushi, har aka ce kwamiti ya cika tsoro. Ni ina tare da kwamiti, kuma ko gobe aka sake tambayata haka zan ce. 'Ya'yan mutane muke ɗauka, iyayensu amana suka ba mu.

Amma na fahimci ɓacin ransu. Yawancinsu labarin dajin kawai suke ji daga bakinmu. An kafa gandun ne a 1979, lokacin da aka haɗe dazukan Borgu da Zugurma, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. Waɗanda suka taɓa kwana a Oli a shekarun baya sun san yadda dorina ke huci a cikin ruwa da asuba, da yadda gwanki ke tsayawa a tsakiyar hanya yana kallon mota. Yaron da bai taɓa ganin gwanki ba sai a hoto, da wuya ka lallashe shi da cewa a bari sai baɗi.

Da dajin ya gagara sai muka koma bakin tafki. Mun yi zango sau biyu, duka a kusa da wata tunga ta masunta da ke wajen iyakar gandun, bayan mun kai gaisuwa wurin mai gari da sarkin ruwa. Sarkin ruwa da kansa ya zaɓa mana wurin kafa tantuna, wani tudu mai itatuwan kaɗanya, ya kuma hana mu saukowa ƙasa inda muka so tun farko. Ya ce ruwan hunturu bai gama shigowa ba. Wasunmu sun yi mamaki, ana tsakiyar rani ina ruwa zai fito? Ashe Kainji cika biyu yake yi a shekara. Na farko na daminarmu ne, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu kuwa ruwan da ya sauka ne tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar yana tafe a hankali, sai ya iso nan daga Disamba zuwa Fabrairu, ya riga ya tace. Da muka koma zango na biyu, wurin da muka so kafa tantunan ruwa ya shanye shi.

Daren farko na zangon hunturu ba zan manta da shi ba. Sanyi ya sa kowa ya matso gindin wuta, matan tungar suna banda a gefe, hayaƙi da ƙamshin tarwaɗa sun cika wurin. Wani dattijo ya zo ya zauna tare da mu, ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa ya ce a can aka haife shi. Yana yaro aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka kwashe mutane sama da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. Ya lissafo mana unguwanni, da inda kasuwa take, da kukar da suke wasa a gindinta. Ɗaya daga cikin yaranmu ta ce, "Baba, to kabarin iyayenku fa?" Ya ce suna nan ƙasa, kuma duk lokacin da ya ratsa wurin a kwale-kwale yakan yi musu addu'a. An daɗe babu wanda ya ce uffan. Malamin tarihinmu ya ƙara da cewa a gaɓar tsohuwar Bussa ɗin ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, amma yaran labarin dattijon suka riƙe.

Da rana an koya wa yara jefa birgi da ɗaura fatsa, an nuna musu bambancin karfasa da kurungu da giwan ruwa. Masunta sun koka mana kan masu jan dala, taru mai ƙananan idanu da ke kwashe warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifaye. Mun kuma kai ziyarar yini guda cibiyar binciken kifi ta tarayya da kwalejin kula da namun daji, duka a New Bussa.

Yanzu ga maganar da na fi so ku saurara. A zango na biyu mun yi haya da wani mai jirgi don ya zagaya da mu, muka yi sharaɗin mutanenmu kaɗai zai ɗauka. Da muka iso sai muka tarar ya loda buhunan hatsi da babura biyu, yana cewa hanya ɗaya ce. Shugaba ya ce a sauke kayan ko mu fasa. Aka yi ta ja-in-ja, har wasu mambobi suka fara cewa a yi haƙuri a shiga tunda rana tana yi. Muka fasa, kafin alƙalamin da muka bayar ya tafi. A ƙarƙashin wannan tafki akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin madatsa, jirgi mai nauyi ya daki ɗaya sai dai Allah ya kiyaye. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawan gaske. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ba wanda zai taka jirgi da sunan ƙungiya sai da rigar kariya a jikinsa, ko da ya iya iyo kamar kifi. Rigunan da muke da su ba su kai rabin masu fita ba, kuma babu ta ƙananan yara ko ɗaya.

Akwai sakacin da ya zama namu. Mun bar yara suna wanka a gefen ruwa mai ciyawa, bayan 'yan makonni sai yara biyu daga cikinsu suka fara fitsarin jini. Tsargiya ce, an ba su magani sun warke, alhamdu lillahi. Mun nemi afuwar iyayensu, kuma an hana wanka a irin wannan wuri. Gidan sauro ma ya zama dole ga kowane tanti. Batun shara kuwa mun yi ƙoƙari, duk ledar da muka shigo da ita mun fita da ita, har da wadda muka tarar.

Muna godiya ga iyaye mata da suka riƙe mana girki, da mamban da ya ba da aron motarsa bai karɓi ko sisi ba.

A baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na ba da shawarar a yi zango a ɓangaren Yauri, idan hanya ta yi lafiya. Maganar Oli tana nan, amma sai ranar da hukumar gandun ta ce a shigo. Abin da za a kaɗa wa ƙuri'a yau shi ne ƙarin kuɗin wata domin sayen rigunan kariya, a fara da na yara. Wanda ke da tanti na ƙungiya a gida ya dawo da shi wurin ma'aji kafin ƙarshen wata, domin biyu suna buƙatar ɗinki.

Wassalam.
Sakatare