A Koya Wa Ɗalibanmu Yadda Injin Java Ke Ɗauko Kilas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani darasi da nake ganin ana yawan tsallakewa wajen koyar da Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da fatan maganar za ta isa ga 'yan'uwana malamai da ɗaliban ilimin kwamfuta na Katsina da Daura da Dutsin-Ma. Ana koya wa ɗalibi yadda zai rubuta kilas, wato tubalin da ake gina manhajar Java da shi, da yadda wani kilas ke gadon wani, amma ba a cika gaya masa wanda ke zuwa ya ɗauko kilas ɗin daga fayil ya shigar da shi cikin injin da ke aiwatar da manhajar ba, balle a wane tsari ake ɗaukowar. A ganina wannan giɓin ne ya sa ɗalibi mai ƙwazo kan tsaya cak idan manhajarsa ta ƙi tashi a kwamfutar da ba tasa ba.

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da Java a 1995 ƙarƙashin jagorancin James Gosling, kuma tun 2010 harshen yana hannun kamfanin Oracle. Abin da ɗalibi ya rubuta, manhajar harhaɗawa mai suna javac ce ke mayar da shi fayil mai ƙarewa da .class, sannan injin JVM, wanda shi kansa manhaja ce da ke aiki kamar kwamfuta a cikin kwamfuta, ya karanta ya aiwatar. Injin ba ya kwaso dukan kilas lokaci guda. Sai an buƙaci kilas a karon farko ake neman mai lodi, wato ɓangaren da aikinsa ɗauko kilas, ya kawo shi, daga nan a tantance cewa abin da ke cikin fayil ɗin bai saɓa wa ƙa'idojin injin ba, a tanadar masa wuri, a haɗa shi da sauran kilas da yake ambata, kafin a fara aiki da shi.

Akwai tambayar da ya kamata kowane malami ya jefa wa ajinsa a nan. Masu lodin nan su ma kilas ne da aka rubuta da Java, to wa ya ɗauko na farkonsu? Amsar ita ce mai lodin tushe, wanda ake kira butsitiraf. Shi ba da Java aka gina asalinsa ba, yana cikin jikin injin ne, kuma a HotSpot, injin da aka fi amfani da shi, da harshen C++ aka rubuta shi. Aikinsa ɗauko ginshiƙan harshen, irin su java.lang.Object da java.lang.String da shi kansa java.lang.ClassLoader, waɗanda idan babu su babu abin da zai motsa. Saboda ba abu ne na Java ba, idan ɗalibi ya tambayi String wa ya ɗauko shi ta hanyar getClassLoader, amsar da zai gani ita ce null, kuma wannan null ɗin ba kuskure ba ne, alama ce cewa an zo ƙarshen silsila. Har zuwa Java 8 waɗannan ginshiƙai suna cikin fayil guda mai suna rt.jar. Da Java 9 ta fito a watan Satumba na 2017 aka kawar da wannan fayil, aka rarraba ɗakin karatun harshen, wato tarin kilas da aka riga aka tanada, zuwa ɓangarori, wanda java.base shi ne tushensu.

Ƙarƙashin na tushe akwai na tsakiya, wanda a da yake ɗauko abin da aka ajiye a jakar lib/ext, daga Java 9 kuma aka maye gurbinsa da mai lodin dandamali. Na uku shi ne wanda ɗalibi ke hulɗa da shi kullum ba tare da ya sani ba, wato mai lodin sistam, ko mai lodin manhaja. Shi ke ɗauko kilas ɗin da ke ɗauke da main, inda manhaja ke fara aiki, da duk wani fayil na jar, wato ƙunshin kilas, da aka jera masa a CLASSPATH, jerin wuraren da zai duba, ko aka nuna masa da umarnin -cp lokacin tayar da manhajar. Abin da ba a jera masa ba, ba zai gan shi ba, ko da yana nan kwance a kan kwamfutar.

Inda na fi so a daɗe a aji shi ne tsarin da waɗannan ukun ke bi a tsakaninsu, wanda aka kafa tun Java 1.2 a 1998. Mu a nan mun saba cewa magana tana farawa ne daga mai unguwa, idan ta fi ƙarfinsa ta je wurin dagaci, sannan hakimi, sai ta gagara a kai ta fada. Masu lodi akasin haka suke yi. Idan aka nemi kilas wurin mai lodin sistam, zai fara duba ko ya taɓa ɗauko shi. Idan bai taɓa ba, ba zai nema da kansa ba sai ya miƙa buƙatar ga na sama da shi, shi ma ya miƙa ga na tushe. Sai na tushe ya ce ba shi da shi, na tsakiya ma ya ce ba shi da shi, sannan na ƙasa ke da ikon bincika nasa wuraren. Hikimar a bayyane take: idan wani ya rubuta nasa kilas ya raɗa masa suna java.lang.String ya cusa a cikin jar, ba za a taɓa ɗaukar nasa ba, domin na tushe ya riga ya amsa da na ainihi. Ko da ya ƙirƙiri sabon suna a ƙarƙashin java.lang, injin zai ƙi karɓa ya jefa SecurityException, saboda sunayen da suka fara da java an keɓe su. Amincin duk wata manhajar Java ya dogara ne a kan wannan tsari, kuma abin takaici ne a ce mutum ya kammala karatunsa bai taɓa jin labarinsa ba.

Ga misalin da duk wanda ya taɓa duba aikin ɗaliban shekarar ƙarshe ya sani. Ɗalibi ya gina manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ko sakamakon jarrabawa, ya haɗa ta da rumbun bayanai na MySQL, tana aiki lafiya lau a cikin NetBeans, manhajar da ya rubuta aikin a cikinta. Ranar kare aikin ya kwafi jar ɗinsa kaɗai a filas ya kai wata kwamfuta, sai ga saƙon kuskure na ClassNotFoundException a kan direban MySQL, wato kilas ɗin da ke haɗa manhajar da rumbun bayanan, sai ya ce kwamfutar ce ba ta da kyau ko bairos ya cinye aikin. Gaskiyar ita ce NetBeans ne yake jera wa mai lodin sistam hanyar direban a ɓoye, kuma jakar lib da ke kusa da jar ɗin, inda direban yake, an baro ta a gida. Ƙari a kan haka, idan aka tayar da manhaja da java -jar, injin ba ya kula da CLASSPATH ko -cp, abin da aka rubuta a fayil ɗin MANIFEST.MF da ke cikin jar ɗin kawai yake bi. Ya kamata kuma ɗalibi ya san bambancin ClassNotFoundException da NoClassDefFoundError: na farko yana fitowa ne idan an nemi kilas da sunansa, kamar ta Class.forName, ba a same shi ba. Na biyu kuwa galibi yana nufin kilas ɗin yana nan lokacin da aka harhaɗa manhajar, amma ya ɓace lokacin aiki, ko kuma ya gaza tashi a yunƙurin farko.

Wani abin da ke rikita har waɗanda suka daɗe a sana'ar shi ne cewa a wurin injin, suna kaɗai ba ya isa ya tantance kilas. Sunan ne haɗe da mai lodin da ya kawo shi. Fayil ɗaya, idan masu lodi biyu suka ɗauko shi, ya zama kilas biyu daban, kuma yunƙurin ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan zai haifar da kuskuren ClassCastException duk da sunan iri ɗaya ne. Da wannan ne uwar garke irin Tomcat ke iya ɗaukar manhajoji da yawa a lokaci guda, kowace da nata mai lodi, ko da suna amfani da zubi daban-daban na ɗakin karatu ɗaya. Tomcat da gangan yake juya tsarin, ya fara duba jakar manhajar kafin ya tambayi na sama, amma ginshiƙan Java ba ya yarda a maye gurbinsu.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta cin jarrabawa kawai. A watan Disamba na 2021 aka bankaɗo ɓaraka a Log4j, wani ɗakin karatu na Java, ɓarakar da aka fi sani da Log4Shell, inda ɗan gajeren rubutu da maharin ya aiko ke sa manhaja ta tuntuɓi wata uwar garke ta waje, a wasu lokutan ta ɗauko kilas daga can ta aiwatar da shi. Kamfanoni da hukumomi a faɗin duniya sun kwana suna toshe wannan ƙofa. A wayoyin Android ma, duk da injinsu ART ne ba JVM ba, akwai DexClassLoader da ke ba manhaja damar ɗauko sabon umarni bayan an girka ta, abin da ya sa dokokin Google Play suka hana manhaja sauko da irin wannan umarni daga wani wuri na waje. Matasanmu da ke burin gina manhajar kuɗi ko ta asibiti, a ƙasar da na'urorin POS da yawa ke aiki da Android, wajibi ne su iya amsa tambayar daga ina wannan kilas ya fito, kuma wa ya ba shi izinin shiga.

Abin da nake roƙon malamai bai buƙatar sabuwar na'ura ko intanet. Darasi ɗaya ko biyu sun isa. A sa ɗalibi ya tayar da ƙaramar manhajarsa da -verbose:class ya ga ɗaruruwan kilas da ake ɗaukowa kafin a kai ga nasa guda ɗaya. A sa shi ya bi getParent daga mai lodin manhajarsa har ya kai null. A sa shi ya cire jar ɗaya da gangan ya karanta saƙon kuskuren da kyau. A kuma faɗa masa zubin Java da ake magana a kai, domin littattafai da yawa da ke hannun ɗalibai suna bayanin Java 8 ne da rt.jar, alhali abin da ke kan kwamfutarsu Java 17 ne ko 21, inda mai lodin sistam ya daina zama URLClassLoader, kuma tsohon misalin da ya dogara da hakan ba zai yi aiki ba.

Kai kuma Edita, ina roƙon ka buɗe shafin kimiyya na jaridarka ga malamai da ƙwararrun da za su rubuta irin wannan bayani da Hausa, tare da misalan da ɗalibi zai iya gwadawa da hannunsa.

Wassalam.

Naka,
Mai koyar da rubutun manhaja,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.