Rahoton Kwamitin Ginin Filin Wasanmu: Inda Kuɗinku Suka Shiga

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan'uwa magoya baya, da duk wanda ya sa guminsa a wannan aiki.

Tun ranar da aka buga wasan farko a sabon fili, tambaya ɗaya ke bin 'yan kwamiti duk inda muka sa ƙafa: ina rufin da aka yi alkawari, ina fitilun, ina kuma sauran kuɗin? Wasu sun tare mu ido da ido sun tambaya, mun gode musu. Wasu kuwa a bayan idonmu suka yi ta, har magana ta kai ga cewa wai an ci. Wanda ya ba da dukiyarsa yana da haƙƙin ya ji inda ta shiga, ba mu kuma ji haushin tambayar ba. Abin da ya yi mana ciwo shi ne a yanke hukunci kafin a buɗe littafi.

Kowa ya san inda muka fito. Shekara da shekaru ƙungiyarmu tana aron fili, yau a ba mu, gobe a ce ana biki a nemi wani wuri. Ƙungiyar ƙaramin rukuni ba ta da kuɗin talabijin, ba ta da babban kamfani a bayanta, kuma babu ko sisin gwamnati a wannan gini. An sayi ƙasar da sunan ƙungiya, ba da sunan wani mutum ba. An buɗe asusu na musamman wanda ba a fitar da kuɗi daga cikinsa sai da sa hannun mutum uku. Filin mun auna shi mita 105 a tsawo, 68 a faɗi, wanda shi ne awon da manyan filaye ke bi, don kada ranar da Allah ya ɗaga mu zuwa rukuni na gaba a ce sai mun sake. Wajen zaman 'yan kallo kuma mun yi shi daidai ƙarfinmu. Mun tuna da ƙungiyar Darlington ta Ingila, wadda ta koma filin mutum 25,000 a 2003 tana rukuni na huɗu, kujeru suka zauna wayam, kafin shekarar ta ƙare bashi ya durƙusar da ita.

Yanzu ga maganar da ta cinye kuɗin rufi.

Da aka gama baje ƙasa aka shuka ciyawa, fili ya yi kore shar, kowa ya zo ya ɗauki hoto. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi na kwana biyu. Washegari mu huɗu muka je da sassafe tare da dattijon da ke kula mana da ciyawa. Daga bakin layi ba ka ganin komai sai sheƙi. Muka tuɓe takalma muka shiga, kafin mu isa wajen bugun fenareti ruwa ya rufe idon sawu. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga ƙwallo ya sake ta, ta faɗi tim ta zauna, ko motsi ba ta yi ba. Dattijon bai ce uffan ba. Ya caka sandarsa a ƙasa, ya zaro ta da ƙyar, ya miƙo mana: ƙasan sandar duk yumɓu ne mai danƙo. Bayan kwana biyar ruwan yana nan, ciyawar gaban raga ta fara ruɓewa tana wari.

A nan dole mu faɗi laifinmu kafin mu faɗi na wani. Ba mu sa an gwada ƙasar ba kafin a fara aiki. An kawo shawarar a zama, muka ga kuɗin gwajin kamar ɓarna ne tunda ido ya nuna mana wuri busasshe. Mun yi kuskure, mu ne kuma muka yi shi. Shi ma ɗan kwangilar farko yana da nasa kason, domin ya ga yumɓun lokacin da katafila ke aiki, ya zuba ƙasar shuka a kai bai ce mana komai ba.

Injiniyan da muka kira daga baya ya yi mana bayani dalla-dalla. Yumɓu ba ya barin ruwa ya nitse. Duk ruwan da ya sauka sai ya tsaya tsakanin ciyawa da shi kamar an zuba a kwano. Maganinsa shi ne a kwashe saman, a haƙa ramuka a jere kamar ƙayar kifi, a shimfiɗa bututu masu ƙananan huji, a rufe su da tsakuwa, a ɗora yashi, sannan ƙasar shuka gauraye da yashi. Tsakiyar fili kuma a ɗan tada ta kaɗan yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gangara gefe. Duk bututun su haɗu a babba guda, shi kuma ya zube a magudanar da ke bayan katanga.

Mun zauna har sau uku a kan wannan, kuma zaman bai yi daɗi ba. Akwai masu cewa a zuba yashi a wuraren da ruwa ke kwanciya a ci gaba, a yi rufin tunda shi jama'a ke jira. Akwai masu cewa a sa ciyawar roba a huta, tunda dokokin ƙwallo sun yarda da ita. Mun bincika. Ita ma robar sai an yi mata magudana a ƙarƙashi, tana ɗaukar zafi sosai da rana, kuma bayan kamar shekara takwas zuwa goma sai an ɗaga an sake sabuwa. Wa zai biya wannan? Faci kuwa yaudarar kai ne. Alƙalin wasa yana da ikon ya duba fili ya ce ba za a buga ba, kuma duk wasan da aka ɗage asara ce: kuɗin ƙofa ya tafi, baƙi sun yi tafiyar banza, hukumar gasa tana kallonmu. Ga yaranmu da ke gudu a kai, waɗanda ba su da komai sai ƙafafunsu. Wane amfani rufi zai yi wa mai kallon tabki?

Saboda haka muka haƙe filin da muka riga muka biya, muka sake shi daga tushe. Tifa-tifa na tsakuwa da yashi, bututu, hayar injina, ladan ma'aikata, sabuwar ciyawa, duk sun fito daga kuɗin da aka ware wa rufi, suka kuma taɓa na fitilu. Ragowar kuɗin ɗan kwangilar farko da ke hannunmu mun riƙe, lauyan ƙungiya ya rubuta masa, aka daidaita a kan ya ba da injinsa kyauta na kwanakin haƙa. Bai rufe asarar ba, amma ya rage. Wanda ya zo wasan da aka buga cikin ruwa a watan jiya ya ga ƙwallo tana gudu har aka tashi. Kuɗinku na nan a ƙarƙashin ciyawar, ido ne kawai ba ya ganin su.

Sai batun ƙofofi da shingen ƙarfe, wanda aka ce mun yi almubazzaranci. An kawo mana tayin benen 'yan kallo na katako mai araha, muka ƙi, muka yi na kankare da rodi. Muka ƙara ƙofofin fita, muka faɗaɗa su, dukkansu kuma waje suke buɗewa. Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Ranar 11 ga Mayu 1985 wuta ta kama benen katako a filin Bradford City ta Ingila, ƙungiyar rukuni na uku a lokacin, cikin 'yan mintuna ta cinye shi, mutum 56 suka rasu, wasu a bakin ƙofofin da aka kulle. A filin wasa na Hillsborough da ke Ingila a 1989 turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Mutane suna zuwa da 'ya'yansu wannan fili. Gara a zage mu a kan tsadar ƙofa.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga wani dattijonmu da ya biya mafi yawan kuɗin ƙasar, ya kuma roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Baba, mun kiyaye alkawari, amma Allah ya san ka. Lokacin da ruwa ya kwanta, mutane suka fara janye jiki, shi ne ya kira shugaban kwamiti da dare ya ce kada a tsaya, ya ƙara wani abin a kan na farko. Haka hajiyarmu da ta ɗauki nauyin simintin bene gaba ɗaya, ba ta taɓa tambayar a rubuta sunanta a bango ba. Allah ya saka musu da mafificin alheri, ya albarkaci zuri'arsu. Muna gode wa tsofaffin 'yan wasanmu da ke nesa, waɗanda ba su fasa aiko da nasu duk wata ba, da injiniyan da ya yafe ladansa, da maginan da suka yi mana ragi. Matasan da suka kwashe ranakun hutunsu suna dakon tsakuwa da kwano a ka, sun tuna mana da magoya bayan Union Berlin ta Jamus, su fiye da 2,000 da suka gyara filinsu da hannunsu tsakanin 2008 da 2009, ƙungiyar tana rukuni na uku. Shekara goma bayan nan ta hau Bundesliga, rukunin farko na Jamus.

Littafin shiga da fita, rasitai da takardun banki suna wurin ma'aji. Mai binciken kuɗi wanda ba ɗan kwamiti ba ne ya duba su ya sa hannu. Duk mai gudummawa, komai ƙanƙantarta, ya zo ofishin ƙungiya a buɗe masa shafi-shafi.

Amma 'yan'uwa, aiki bai ƙare ba. Abin da ya fi gaggawa ma ba rufin ba ne, ruwa ne. Filin da aka yi da yashi yana saurin bushewa, in rani ya shigo ba mu da rijiyar burtsatse da tanki, ciyawar da muka saya sau biyu za ta ƙone a gabanmu. Bayan wannan sai ɗakin canja kaya na baƙi da na alƙalan wasa, waɗanda har yanzu bulo ne tsaye babu ƙofa, da banɗakin mata da ba a ko haƙa ba. Rufin kuwa ginshiƙansa suna nan an kafa, rodi na kallon sama, kwano da ƙarfe kawai yake jira. Fitilu su ne na ƙarshe.

Muna roƙonku kada abin da ya faru ya sa ku ɗauke hannu. Mai kuɗi ya sa a asusun ginin, ya karɓi rasiti a hannun ma'aji, kada ya ba kowa a hanya ko da ɗan kwamiti ne. Mai buhun siminti ya kawo, mai kwano ya kawo, mai sana'ar walda ko aikin famfo ya ba mu yini guda. Muna son a fara haƙa rijiyar kafin ruwan bana ya ɗauke, kuma duk wanda ke son ya zauna a kwamitin da zai sa ido a kan wannan kashin, ya ba sakatare sunansa kafin taro mai zuwa.