Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina Kan Tsawon Silin Auduga

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ɗan manomin auduga ne, da kuɗinta aka yi mini karatu, don haka zancenta ba ya wuce ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsawon sili, wanda masaƙa ke dubawa kafin ta yi tayi.

Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, wadda ke tsirowa a jikin gurya ranar da fure ya buɗe. Cikin sati uku ko ɗan fiye take miƙewa har ta kusa santimita uku, kuma ruwa ne ke tura ta. A fatar ƙwayar akwai wasu furotin da masana ke kira akwaforin, 'yan ƙofofi ne da ruwa ke bi ya shiga. Gano su ne ya sa Peter Agre na Amurka ya samu kyautar Nobel a 2003. Sukari da fotash su taru a cikin silin, su jawo ruwa ta waɗannan ƙofofi, ya cika ya yi ta tsawo. In ruwa ya ɗauke a wannan tsakani, ko ƙasa ta gaza fotash, sai ya tsaya a gajere. Bayan nan ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya riga ya fara kauri, ba ya ƙara tsawo.

Manomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori bai san sunan furotin ba, amma ya san shekarar da damina ta yanke da wuri audugarsa ba ta daraja.

Roƙona, ranka ya daɗe, taki ya riƙa isowa kafin fure, kuma mai fotash. Da yawanmu yuriya muke zubawa, ita kuwa babu fotash a cikinta; ganye ya yi shar, mu yi murna, sai a wajen awo mu ji jiki. Sannan ga madatsar Zobe, ga ta Mairuwa kusa da Funtuwa: a gwada ban-ruwan ceto a lokacin fure, ko a gonaki kaɗan ne.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da irin auduga da ake kira SAMCOT. A tallafa wa malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su haɗa kai da ita, su auna wane iri ne ke riƙe tsawonsa a ƙasarmu idan fari ya riske shi yana fure.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Ɗan manomin auduga, daga birnin Katsina